Ajin Wani Ma Makaranta Ne: Malaman Lafiya da Ilimin da Ke Ƙetaro Iyaka

Duk wanda ya yi sakandare a yankin nan tun Lafiya tana cikin jihar Filato, da wuya a ce bai zauna gaban malamin da ya fito daga wata ƙasa ba. Lissafi da kimiyya galibi suna hannun Indiyawa da 'yan Pakistan, Turanci yana hannun 'yan Gana, Larabci kuwa akan samu Bamisire ko mutumin Sudan. Zamanin kuɗin mai ne. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, malaman gida ba su wadatar ba, sai aka ɗauko na waje. Da tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari kuma ta sallami baƙin da ba su da takardu a 1983, yawancinsu suka tattara nasu ya nasu suka koma. Mu da muka zauna gabansu, daga baya muka gaji allinsu, mun ɗauki abubuwa da dama a wurinsu ba tare da an kira mu taron bita ba. Har yau ina raba allo gida uku kafin in fara darasi, ina kuma shiga ɗakin gwaji kafin ɗalibai in gwada abin da hannuna, domin haka na ga wani Ba'indiye yana yi. Bai taɓa ce mini in yi ba. Da ido na koya.

Na daɗe a aikin koyarwa, kuma abin da na tabbatar shi ne malami ba ya ƙaruwa sosai sai ya ga wani malamin a bakin aiki. In wanda ya gani ɗin ya taso a wata ƙasa, da wani tsarin karatu dabam, amfanin ya fi yawa, don zai ga abin da ya ɗauka dole ne ashe al'ada ce kawai, ana iya sauya ta.

Magabatanmu sun san haka. Da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko shehunan da suka fara koyarwa. A 1945 aka tura Abubakar Tafawa Ɓalewa, a lokacin yana malamin makaranta a Bauci, tare da wasu malaman Arewa zuwa Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Shekara guda bayansa Malam Aminu Kano ya bi sawu, da ya dawo kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa, ya je Maru yana horar da masu shirin zama malamai. A 1954 Abubakar Mahmud Gumi da wasu abokansa suka tafi Bakht al-Ruda ta ƙasar Sudan, cibiyar da ta yi suna wajen rubuta littattafan firamare da gwada su a kan yara na gaske kafin a raba wa makarantu. A shekarun 1960 kuma malamai daga Jami'ar Ohio ta Amurka suka zo Kano suka yi aiki a babbar kwalejin horon malamai. A lura da abu ɗaya: waɗanda aka tura waje a wancan zamani masu riƙe da alli ne, kuma da suka dawo harkar ilimi suka koma.

A zamaninmu, shirin da ya fi shiga raina shi ne wanda ake kira SMASE, na inganta koyar da lissafi da kimiyya. Hanyar da ya bi kafin ya iso mu doguwa ce. A Japan, tun ƙarni na 19 malaman makaranta ɗaya suke da al'adar haɗuwa su tsara darasi guda tare, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya cikin aji suna kallo, daga baya su zauna su tattauna abin da suka gani. Duniya ta farga da wannan ne bayan wani bincike na 1995, inda aka ɗauki bidiyon darussan lissafi a Japan da Jamus da Amurka aka kwatanta. Aka ga malamin Japan yakan ba yara matsala guda su yi ta fama da ita kafin ya nuna musu hanya, alhali a wasu wuraren malami ne ke nuna hanyar tun farko, yara su kwafa. A 1998 hukumar JICA ta Japan ta haɗa kai da gwamnatin Kenya suka fara shirin a can. 'Yan Kenya suka gyara shi ya dace da makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, suka kafa cibiya a Nairobi, malamai daga ƙasashen Afirka suka riƙa zuwa suna koyo. A 2006 ya shigo Najeriya ta jihohi uku, Kaduna da Neja da Filato, a shekarar kuma maƙwabciyarmu Nijar ta fara nata. Daga 2010 aka faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta ɗauki nauyin horar da masu horarwa.

Ni daga bakin wani abokin karatuna da ke koyarwa a Filato na fara jin labarin. Ya ce mini abin ba shi da wuyar faɗa. Yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya gwada, ya yi magana, kada malami ya cinye lokacin shi kaɗai. In babu kayan aiki na kanti, a haɗa daga abin da ke kusa: marfin kwalba, gwangwanin madara, batirin tocila, ledar ruwa. Sannan malami ya tsara, ya koyar, a duba, a gyara, a sake. Na ce masa ai duk wannan an gaya mana a kwaleji. Ya ce, "An gaya mana, amma ka taɓa barin wani ya shiga ajinka ya zauna daga farko har ƙarshe, in ba sufeto ba?" Gaskiyarsa. Mu a nan ajin malami kamar sirrinsa ne. Da zarar wani ya leƙo, sai a ɗauka laifi ya zo nema.

Bari in ba da labarin ranar da na ga an gwada abin a wata firamare da ke bayan garin Lafiya. Aji huɗu ne, yara sun cika benci har wasu suna zaune a ƙasa. Wata malama matashiya ce ta yarda za ta koyar, darasin kuwa ɗebewa mai aro. Kafin a shiga, jikinta ya yi sanyi, sai hedimasta ya ce mata, "Malama, kwantar da hankalinki. Ba ke muka zo kallo ba, yaran za mu kalla. Darasin nan namu ne duka, tare muka tsara shi." Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Ta rubuta 52 a ɗebe 27 a allo, ta ce kowa ya yi a littafinsa. Mu kuma muka rarrabu tsakanin bencina muna leƙa littattafai. Yara da yawa suka rubuta 35. A da, jan biro za a ja a kai a wuce. Amma da yake kallo muka zo yi, sai muka ga dukkansu hanya ɗaya suka bi: a kowane layi suna ɗebe ƙaramar lamba daga babba, biyu daga bakwai saura biyar, biyu daga biyar saura uku. Ashe ba sakarci ba ne, ƙa'ida ce suka ƙirƙiro da kansu, kuma tana yi musu aiki a duk lissafin da ba ya bukatar aro. Malamar ta fito da tsinkayen tsintsiya da aka ɗaure goma-goma da roba, ta ba kowane rukuni ɗauri biyar da tsinke biyu, ta ce su ba ta ashirin da bakwai. Aka yi shiru. Can wani yaro ya ɗaga ɗauri guda ya ce, "Malama, in kwance wannan?" Ta ce, "Me ya sa?" Ya ce, "Biyun ba za su kai bakwai ba." Aron ke nan, ya gano shi da yatsunsa kafin kowa ya faɗa masa sunansa.

Bayan an tashi muka zauna a gindin mangwaro. Wani dattijon malami da ya kusa ritaya, wanda kowa ke ce wa Baba, ya ce akwai yarinyar da ya tsaya a kanta, ita ma 35 ta rubuta, alhali ya san ta tana taya uwarta sayar da agushi a kasuwar Alamis, bai taɓa jin ta yi kuskuren canji ba. Aka kira ta. Ya ce, "'Yata, kina da naira ɗari biyar da ashirin, kika sayi abu na ɗari biyu da saba'in. Nawa ya rage?" Ko ƙifta ido ba ta yi ba ta ce, "Ɗari biyu da hamsin, Baba." Lissafin ɗaya ne da wanda ta kasa a littafinta.

Abin da Baba ya gano a gindin mangwaron nan, masu bincike sun gano shi a birnin Recife na ƙasar Brazil, suka wallafa a 1985: yara masu talla suna yin lissafi daidai da ka a bakin ciniki, su kasa irinsa a takarda. A 2025 wasu masana, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suka wallafa makamancin haka game da yaran kasuwannin Kolkata da Delhi a Indiya. Baba bai san da wannan ba, su ma masanan ba su san da Baba ba. Babu wanda ya rubuta abin da ya faru a ranar, kuma wannan yana damuna ƙwarai. Ilimin da ke kan malamanmu yana tafiya ritaya tare da su.

To me ya sa, bayan duk shekarun nan, irin wannan zama bai zama ruwan dare a makarantunmu ba? Matsala ta farko tana cikin yadda ake sauko da horon. Mutum kaɗan ake turawa waje, su dawo su horar da na ƙasa, na ƙasa su horar da na jiha, na jiha su horar da na ƙaramar hukuma. A kowane mataki kwanaki suna raguwa, kayan aiki suna raguwa, gwajin da ya kamata a yi da hannu ya koma jawabi da lasifika. Kamar kunu ne da kowane gida ya biya sai an ƙara masa ruwa, kafin ya iso hannun malamar aji huɗu ya tsinke. Ta biyu ita ce zaɓen masu tafiya. Na sha ganin jerin sunaye inda masu ofis da suka daɗe da barin aji suka cike guraben, malamin da ke fama da yara kullum bai ma ji labari ba. Ta uku, alawus ya shiga tsakani. Ba na ganin laifin malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata in ya sa ido a kan kuɗin mota da na abinci, haƙƙinsa ne. Amma idan aka wayi gari ana auna nasarar bita da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta, ba wanda zai biyo baya ya ga ko wani abu ya sauya a aji, to kuɗin ya tafi a banza. Masu tallafi daga waje kuma wa'adinsu 'yan shekaru ne. Da sun naɗe tabarmarsu, in jiha ba ta sa abin a kasafinta ba, shi ke nan.

Ɓangaren bincike ma yana da nasa ciwon. Kowane zango ɗaliban manyan makarantu suna zuwa mana da takardun tambayoyi: ka yarda, ba ka yarda ba, ka sa alama. Mu cike, su tafi, su sami digirinsu, ba mu sake jin ɗuriyarsu. Ba a taɓa dawo mana da sakamakon ba, balle a ce ga abin da za mu gyara. Binciken da ke amfanar malami shi ne wanda aka yi da shi, a kan tambayar da ta hana shi barci.

Akwai misalin irinsa. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta lura yara suna hawa aji bayan aji ba su iya karatu ba, saboda malami yana bin manhaja, manhajar kuma ta wuce inda yaran suke. Sai suka fito da dabara: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko baƙi ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta gajeren labari, sannan a wani ɓangare na yini a raba yaran bisa matakinsu maimakon bisa ajinsu. Masana tattalin arziki daga Amurka suka shafe shekaru suna gwada dabarar tare da su, ana gyarawa ana sakewa, aikin kuma yana cikin abin da ya jawo wa Banerjee da Duflo da Michael Kremer lambar Nobel a 2019. Dabarar ta shigo Borno a 2018, ta shiga Kano a 2019 ta ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Abin da ya burge ni shi ne malamin aji shi ke yin gwajin, shi ke riƙe da sakamakon, shi ne kuma na farko da ke ganin yaro ya tashi daga baƙi ya koma kalma.

Sai dai Lafiya ba Wudil ba ce. An yi shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a Sakkwato da Bauci da Katsina da Zamfara, an buga littattafai masu kyau, amma a yawancin garuruwan can yaro da Hausa ya tashi a gida. Ajinmu kuwa, a benci ɗaya za ka sami ɗan Eggon da ɗan Alago da Bagwandare da ɗan Migili da ɗan Tibi da Bafulatani. Hausa ce ke haɗa su a filin wasa da kasuwa, amma ga da yawansu ita ce ta biyu, Turancin littafi kuma na uku. Da wane harshe za a fara koya wa wannan yaro haɗa baƙi? Yaushe za a juya shi zuwa Turanci? Malamar da ba ta jin yaren rabin ajinta, yaya za ta yi amfani da yaran su fassara wa juna? Ba a Landan za a samo amsar nan ba. A ajinmu take, kuma waɗanda suka fi dacewa mu yi nazarinta tare su ne masu irin halinmu: malaman Kamaru da Gana da Kenya, da 'yan'uwanmu na Nijar waɗanda tun 1973 suka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Sun haura shekara hamsin suna tara darasi a kan wannan, kuma da Hausa za mu yi magana da su ba tafinta. Mu ma muna da abin bayarwa, don malamin da ya iya riƙe aji mai yare biyar ya san abin da farfesoshi da yawa ke nema.

Kada wani ya ce haɗin gwiwar bincike da ƙasashen waje ba ya yiwuwa a jiharmu ta Nasarawa. An yi shi a fannin lafiya mun gani. Cibiyar Carter ta Amurka ta yi shekaru tana aiki da ma'aikatun lafiya na Filato da Nasarawa, 'yan sa-kai a ƙauyuka suna raba magani gida-gida, suna auna tsayin mutum da sanda don sanin ƙwaya nawa za a ba shi, suna rubutawa a rajista. A 2017 aka sanar cewa jihohin biyu sun shawo kan ciwon tundurmi. Abin ya yiwu ne don na waje sun daɗe ba su tafi ba, na gida kuma su ne masu riƙe da rajistar. Shugabar farko ta Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda ta fara aiki a 2011, Farfesa Ekanem Braide, tana cikin masanan da suka yi yaƙi da kurkunu har aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013. Ga jami'ar nan a kan hanyar Makurɗi, ga Jami'ar Jiha a Keffi, ga Kwalejin Ilimi ta Akwanga da ke yaye malamai tun shekarun 1970. Malamansu suna zuwa taruka a waje, suna da abokan aiki a wasu ƙasashe. Abin da ya rage shi ne su shigo da firamaren da ke bayan katangarsu cikin wannan zumunci.

Na san fargabar da ke ran hukumomi, wato a tura mutum ya ƙi dawowa. Ba ƙarya ba ce. Asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantu a ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma masu tafiya su maƙale. Tun Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar koyarwa a makarantunta, musamman na lissafi da kimiyya, waɗanda mu ma su muka fi rashi. Wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa ba zan zage shi ba. Amma rufe ƙofa ba zai gyara aji ba. Akwai tafiyar da ake dawowa: shirin taimakon ƙwararru da Najeriya ta kafa a 1987 yana tura malamanmu ƙasashe irin su Gambiya da Uganda na shekara biyu. Suna dawowa da idon da ya ga wani tsari, sai dai ba a cika tara malamai a ce su ba da labari ba. Akwai kuma abin da ba ya bukatar biza ko kaɗan. Shirin TESSA, wanda jami'ar karatu daga gida ta Ingila ta fara a 2005 tare da cibiyoyin Afirka, har da tamu ta Kaduna, ya tara darussan da malaman Afirka suka rubuta da kansu, kyauta, ana iya sauke su a waya. Malama a Doma tana iya ɗaukar bidiyon darasinta, da izinin iyaye da hukumar makaranta, ta aika wa takwararta a Maraɗi ta WhatsApp, su tattauna da yamma.

Roƙona ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha shi ne duk gurbin horo na waje da ya samu, a ba wanda ke da aji a hannunsa, a kuma sharɗanta masa in ya dawo ya koyar da darasi a gaban 'yan'uwansa malamai, da yara na gaske. Malaman jami'a da na kwaleji, ku zaɓi makarantu kaɗan ku zauna da su shekaru, ku sa sunan malamin aji a kan abin da kuka wallafa tare, ku dawo masa da sakamakon cikin harshen da zai gane. Ku kuma hedimastoci, wannan ba sai kun jira takarda daga ofis ba: ku ware yammaci ɗaya a kowane wata, malami ɗaya ya koyar, sauran su kalli yara, ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta abin da kuka gani.